Ranar da Akawu Ya Tafi Asibiti da Kwat Ɗina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na bar gida da suma da kwat, na dawo babu ko ɗaya ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Taraba ba, an kwaso mu ma'aikata daga Yola an zube a Jalingo, na kama ɗaki a unguwar Yelwa. Ni kuwa gani nake ni ne wayewar da aka aiko wa garin. Ina da suma wadda nake ɓata rabin safiya ina tajewa, ina da kwat mai ruwan toka (ɗaya ne tak, amma yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse shago gare ni).

A cocinmu akwai aikin da ake yi duk Asabar. Maza su je wani kango a bayan kasuwa ta wajen unguwar Barade, inda marasa galihu da masu taɓin hankali ke kwana, su yi musu aski da wanka, su wanke musu raunuka. Can da rana zumuntar mata su kawo abinci. Na shiga aikin, rabi don Allah, rabi don Saratu. Ina neman aurenta, mahaifiyarta ce shugabar zumuntar, kuma ba ta taɓa ganina ba sai daga nesa a coci. Na ce bari ta same ni tsakiyar aikin Ubangiji, cikin kwat.

A kangon akwai wani mutum da ake kira Akawu, don an ce ya yi aikin ofis kafin taɓin hankali ya same shi. Yana da gyambo a ƙafar hagu wanda ya fara baƙi yana wari. Jagoranmu, Dattijo Bulus, tsohon ma'aikacin asibiti, ya ce in aka ƙara jinkiri sai dai a yanke ƙafar. An yi lallashin duniya, Akawu ya ƙi shiga mota. Ko aska bai yarda ta taɓa shi ba.

Ranar sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wannan sabo ne. Wane ofis?"

Na faɗa masa, har da muƙamina da ba a tambaye ni ba.

"To a fara aske shi. In bai mutu ba, ni ma a yi mini."

Na yi dariya ina jiran a taya ni. Ba wanda ya taya ni. Dattijo Bulus ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, gashi yana tsirowa. Ƙafa ba ta tsirowa." Haka na zauna a kan bulo aka yi mini ƙwal kwabo, ina kallon sumata tana zuba a ƙasa, raina na ƙuna. Akawu ya shafa kaina ya tabbatar ina da rai, sannan ya miƙa nasa. Har wanka ya yarda aka yi masa.

Sai aka zo batun kaya. Gwanjon da muka kawo an rabar, saura wani wando da ya tsaya a ƙwauri da singileti mai huji a ciki. Akawu ya ture su.

"Ni na yi aikin ofis, na sani. Mai tsumma a benci yake wuni. Mai kwat shi likita yake fara gani. A ba ni na wannan, in shiga mota."

Na dubi Dattijo Bulus, ya ɗauke kai yana kallon sama. Wanda ya shiga ruwa ba ya tsoron jiƙa. Na zaga bayan bango na tuɓe. Akawu ya sa riga da wando da kwat, ya sa takalmina na dama, ya bar mini na hagu tunda ƙafarsa ba za ta shiga ba. Da kansa ya buɗe gaban a-kori-kurar Dattijo ya zauna, ya ce a ja. Murna ta kama kowa, maza suka ɗare baya, aka bar ni gadin bokitai.

Ina zaune a inuwa cikin wandon nan da singileti da takalmi wari ɗaya, sai na jiyo waƙa. Zumuntar mata ce, da ankonsu, da kulolin shinkafa da wake a ka. Na sunkuyar da kai ina roƙon su wuce ni. Suka raba wa kowa, sai ga ƙafafun Maman Saratu a gabana.

"Wannan ban san shi ba. Yaro ƙarami da shi, kun ga duniya? Karɓi, ɗana, ka ci."

Na ce, "Mama, ni ma'aikacin gwamnati ne. Kwat ɗina ne ya tafi asibiti."

Ta girgiza kai cikin tausayi. "I mana, ɗana. Akawu ma haka yake faɗa. Mata, ku zo mu ɗora masa hannu."

Kafin in ƙara magana hannuwa sun rufe sabon askina. Maman Saratu ta roƙi Allah ya mayar mini da hankalina, ya nuna mini hanyar gida, ya raba ni da ƙwaya in ita ce sanadi. Duk lokacin da na ɗago zan yi bayani, sai a danna kaina a ƙara murya. Ta tsakanin zannuwa na hango Saratu riƙe da butar wanke hannu. Ta gane ni sarai. Kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa, hawaye na zuba, kuma duk wurin ba wanda ya kai ta ƙarfin cewa amin. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ana cikin haka motar Dattijo Bulus ta dawo. Ya sauko fuska cike da fara'a ya ce an karɓi Akawu, an ba shi gado, likita ya ce ba za a yanke ƙafar ba. Mata suka ɗau guɗa. Sai ya hango ni a durƙushe, ya ce, "Mama, kin san wa kike yi wa addu'a? Shi ne mai zuwa wajen Saratu. Kayansa ne a jikin Akawu."

Maman Saratu ta sunkuyo. Ta leƙa fuskata ta daɗe. "Kai ne mai suman nan?" Na ce ni ne. Ta tura mini kwanon da hannunta ta ce, "Ci abincinka, ɗana. Ka gaya wa manyanka su zo."

Akawu ya warke. Ya ci gaba da shan maganin taɓin hankalinsa, coci ta ba shi ɗaki da aikin kula da kujeru. Ranar da na gan shi ya tako cikin coci da ƙafafunsa biyu, ni da na zo aikin don a gan ni, kuka na yi, ban damu da mai kallo ba.

Surukata kuwa har yau in ana hira cewa take a ranar mutum biyu aka warkar, kuma nawa ya fi wuya. Na daina musu. Abin da na koya shi ne, in an taru an ɗora maka hannu, ko da kuskure ne, ka ce amin kawai. Mai yiwuwa sun ga abin da kai ba ka gani ba.