Yadda Za Ka Kwana Zobe Ka Dawo da Famfon Wani

Tun da aka tare ruwan Zobe, kowane mai keke a Kurfi so yake a ce ya je ya kwana bakin dam. Da yawa sun dawo suna tura keken, takalmi duk tsidau. Kai ba za ka shiga cikinsu ba. Bi matakan nan, na yi maka lamuni za ka dawo bisa sirdinka, tayarka cike da iska, sunanka bai ɓaci ba. A teburin mai shayi na tsince su daga bakin Dalhatu tela, wanda ya gwada su shi da abokinsa Ummaru.

1. Nemo mai famfo

Kada ka sayi naka. Mai famfo bawan kowa ne a hanya, shi ke tsugunne cikin rana. Nemi mutum mai jin nauyin jama'a, in baƙo ne a garin ya fi. Su Dalhatu sun samu Enoch, mai ba da magani a asibitin Kurfi, ɗan kudancin Zariya. Yana da famfon ba taya iska da sholishon faci, kuma bai iya cewa a'a ba.

2. Share masa uzuri

Zai kawo dalili. Enoch ya ce Lahadi da safe za a miƙa jaririyarsa Dina a coci a Dutsin-Ma, a sa mata albarka gaban jama'a, kamar dai suna a wurinmu, kuma uba ne ke riƙe ta. Matarsa Zipporah ta riga ta tafi can wurin yayarta.

A nan sai ka nuna ɓacin rai. Ce masa kai ma uba ne, asubar fari za ku tashi, da hannunka za ka kai shi ƙofar cocin. Ɗora alkawarin bisa yardar Allah, don in an rasa, ka san inda za ka nuna.

3. Rabon kaya

Ce kariyar ɗaukar kaya ta kekenka ta karye. Bargo da tukunya da garin kwaki su koma kekensa. Kai ɗauki rediyo, don nishaɗin kowa ne.

4. Hawan duwatsu

Idan kun wuce Dutsin-Ma hanya ta fara hawa tsakanin duwatsu, kada ka yarda a ga hakinka. Sauka ka ce kallon ikon Allah kake yi. Babu wanda zai iya hana ka. In tayarka ta sace, jingina keken ka shiga inuwa ka riƙa yabon hannun mai facin. Yabo ba ya da nauyi, kuma ba ya ƙarewa a aljihu.

5. Sauka gidan mai karamci

Kada ku kwana a fili. Nemi masunci mai son baƙi, irin Malam Hudu, wanda ya shimfiɗa masu tabarma a rumfarsa dab da ruwa, ya kuma ce gobe ba inda za su sai sun ci kifin safe. Amsa masa da sauri a madadin kowa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, don baƙo ba ya tafiya sai mai gida ya sallame shi.

6. Safiya

Kafin ku farka mai gida ya shiga kwalekwale duba komarsa ta kamun kifi. Abokinka zai ɗaure kaya, ya riƙa duban agogo. Kai miƙe ƙafa. Tuna masa cewa tashi bayan idon mai gida cin fuska ne, ko a garinsu ma ai haka ne. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba ya da magani.

7. Bar shi ya yanke da kansa

Rana za ta ɗaga, zai ce shi dai zai wuce. Kada ka hana. Dubi famfon, ka dubi tayarka, ka yi shiru. Enoch ya tsaya da famfo a hannu ya ce, "Malam Dalhatu, in na tafi da shi, ku fa?"

Dalhatu ya ce, "Haba Malam Enoch, tafi da abinka. Mu Allah na nan. In ta sace mu taka, Ummaru ne dai ke da ciwon gwiwa."

Ya ajiye famfon a kan tabarma ya hau keke. Lura, ba wanda ya roƙe shi. Riƙe wannan da kyau, zai yi maka amfani duk sa'ad da barci ya ƙi zuwa.

8. Jaje

Ci kifinka a natse. A hanyar dawowa za ka ga sawun taya da sawun ƙafa jere cikin yashi, kada ka tsaya karanta su. Enoch ya isa yana tura keke, an riga an rufe coci. Mijin yayar Zipporah ne ya riƙe Dina, jama'a suna tambayar ko uban lafiya.

Je ka gidansa da ƙullin kifi. Faɗi laifin ƙaya, da gwamnatin da ta tare ruwa ba ta gyara hanya ba. Zai karɓi kifin ya yi godiya, don an yi masa tarbiyya. Kada ka zo da famfon ranar. Ce ka manta. Na Enoch yana shagon Dalhatu rataye bisa ƙusa, bai aiko a karɓa ba. Suna gaisawa a kasuwa, amma bai ƙara zama a bencin shagon ba.

Tsame hannu

Na daɗe ina juya wannan magana: mai gida ya yi karamci, baƙi sun yi ladabi, mai famfo ya yi kyauta, ba wanda ya yi ƙarya, amma jaririya ta je gaban jama'a a hannun wani. Ban gano inda laifin ya shiga ba, ko kuma na gano ban so. Don haka wanda ya bi matakan nan, matar abokinsa ta daina amsa masa sallama, ko ya nemi mai raka shi Zobe karo na biyu ya rasa, kada ya zo ƙofata. Ni ko keke ba ni da shi.