Ranar da Oga Sallau Ya Tura Kumbo

Duk wanda ya taɓa kawo mota garejinmu na bayan tasha a Funtuwa ya san Oga Sallau ya je sararin samaniya. Ba a jarida aka karanta ba. Shi yake faɗa, kuma ba ya jira a tambaye shi.

Abin da kowa ya tabbatar shi ne, shekara talatin da wani abu da suka wuce an tura shi Rasha kwas na wata uku a kan gyaran tarakta. Sauran labarin daga baya ya tsiro. Da farko cewa yake ya hango kumbo daga nesa. Bayan 'yan shekaru ya taɓa shi da hannu. Shekarar da aka zaɓe shi shugaban kanikawa kuwa sai ga shi a ciki, wai Turawa ne suka roƙe shi ya raka 'yan sama jannati saboda injinsu yana tari. Ni mai faci ne, rumfata tana jikin tasa, kuma a gabana labarin nan ya yi ta girma har ya fi ƙarfin garejin.

Ana nan sai ga wata Malama Zuwaira, mai koyar da zane a wata sakandare. Littafi take haɗawa, irin na hotunan nan da ake zana mutane gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa. Labarin ma'aikata ne a wata tashar sararin samaniya nan da shekara arba'in. Babu yaƙi a ciki, babu dodo. Mai walda ne da mai dafa abinci da masu kwashe tarkacen tsofaffin taurarin ɗan adam, suna aiki, suna gulmar shugabansu, suna kewar gida. Ta ce tana so komai ya zama yadda zai iya faruwa da gaske, shi ya sa ta zo ta ga yadda bakanike ke riƙe sifana, da yadda fuskarsa ke yi idan noti ya ƙi kwancewa. Kuma tana neman fuskar da za ta sa a bangon littafin a matsayin babban bakaniken tashar.

Na ce mata, "Malama, ai kin zo inda ya dace. Ga wanda ya je can ya dawo."

Oga Sallau ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma, ya ce ba ya son yawan faɗa, sannan ya yi awa ɗaya yana faɗa. Malama ta saurara har ƙarshe. Ta ce to, za ta sa fuskarsa a bango, da sunansa a ƙasa, a rubuta cewa shi ne ya je ya gani. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Laraba bayan La'asar zai yi mata bayanin gyara guda biyu dalla-dalla, idan sun zauna daidai da abin da ta bincika, bango nasa ne.

Kafin Laraba Oga ya yi aski, ya ɗinka sabuwar riga, ya gaya wa surukansa da mutanen unguwarsu. Har ya fara tsayawa a karkace idan ana magana da shi, wai ta wannan gefen hoto ya fi karɓarsa.

Ni kuma ranar da safe na hau babur na tafi Bakori, na ɗauko Baba Haladu, wanda suka je kwas ɗin nan na Rasha tare da Oga. Ban gaya masa komai ba, cewa kawai na yi ana shan shayi. Na zaunar da shi a bayan wata tirela inda zai ji komai ba a gan shi ba, na miƙa masa kofi.

La'asar na wucewa gareji ya cika. Kanikawa, direbobi, masu fenti, har surukan Oga biyu sun zo an ba su benci na gaba. Malama ta buɗe littafinta.

"Baba, a shafi na tara tiyon mai ya toshe a wajen tashar. Bakanike ya fita cikin rigar nan mai kumburi da hular gilashi. Me zai fara yi?"

Oga ya ce, "Ai irin wannan ce ta same mu. Cire tiyon zai yi, ya sa a baki, ya zuƙa har man ya taho, ya tofar."

Kanikawa suka gyaɗa kai gaba ɗaya, domin haka ake yi.

"Da hular a kansa?"

"Ya ɗaga gilashin mana, 'yata. Wa ya taɓa zuƙar tiyo da fuska a rufe?"

"Baba, ai babu iska a can. Idan ya ɗaga gilashin ba zai kai ga tiyon ba."

"Akwai," in ji Oga. "Kaɗan ce dai. Da sassafe ta fi yawa."

Malama ta rubuta wani abu. Ta ce, "To man da ya tofar, ina zai nufa?"

"Ƙasa mana."

"A can abu ba ya faɗuwa. Gaban fuskarsa zai tsaya yana yawo."

"Na wasu ke nan. Nawa ya faɗo."

Wani direba, Ɗan'asabe, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ja kujerarsa zuwa ƙarƙashin rumfa. Ya ce, "Oga, wace shekara ka ce ka tofar?"

Babu wanda ya yi dariya, saboda surukai suna wurin. Sai dai mutane da yawa tari ya kama su lokaci guda.

Malama ta juya shafi. "Na biyu, Baba. An gama gyara, an ba kumbo wuta, ya ƙi tashi."

Nan Oga ya gyara zama, domin ya shigo fagensa. Ya ce, "Batir ne. Mu ma haka ya yi mana. Na ce wa direban, wani dogon Bature, ya sa a giya ta biyu ya taka kuloci. Mu huɗu muka sauka muka tura. Da ya ɗauki gudu na daka masa tsawa ya saki, sai ga shi ya kama."

"Kuka tura."

"Muka tura."

"Kuna taka me?"

Oga ya ce, "Gangara ce wurin."

Malama ta rufe littafin, ta ɗora biro a kai. Cikin ladabi ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ko ɗaya bai zauna ba. In na zana haka, ɗalibaina ma za su kama ni. Sai dai in akwai wanda ya gani da idonsa, in ji daga bakinsa, sai in ce littattafan da na karanta ne suka yi kuskure."

Oga ya miƙe tsaye, sabuwar riga tana ƙara. Ya dubi surukansa, ya dubi jama'a. Ya ce, "Kin ga matsalar 'yan boko ke nan. Shaiduna duk Turawa ne, kuma sun mutu. Mutum ɗaya ne ɗan ƙasar nan da muka hau tare, Haladu na Bakori. Da yana nan da kin ji abin da ya fi wannan. Ni rage miki ma nake yi."

Sai aka ji an ajiye kofi a bayan tirela. Baba Haladu ya fito a hankali yana dogara sanda, ya yi sallama, aka amsa masa, ban da mutum ɗaya.

Malama ta gaishe shi ta ce, "Baba, da gaske an hau da ku sama a Rasha?"

Baba Haladu ya ce, "An hau da mu, 'yata, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hawa na uku aka ba mu ɗaki. Sallau ya leƙa taga sau ɗaya, wata ukun nan a ɗakin maigadi ya ƙarasa su."