Ranar da Hukuma Ta Tura Mini Mota

Jama'a, ku taya ni murna. Na daɗe ina ƙorafi a wannan shafi cewa hukuma ba ta taɓa ciyar da ni gaba ba. To shekaranjiya ta ƙaryata ni, domin da hannunta ta tura ni, har da gumi.

Motata tsohuwa ce, ta girmi babbar 'yata, wadda yanzu haka ita ma goyo take yi. Tun watan jiya fankar lagireto ta tsiro da wani hali, yau ta juya, gobe ta yi mursisi. In ina sharara gudu iska na shiga, lafiya lau. Da na shiga cunkoso sai allurar zafi ta fara hawa kamar farashin mai. Na kai wa rewaya, mai gyaran wutar mota. Yana ɗaga bonet sai munafukar ta hau juyi har tana kaɗa masa gemu.

Ya ce, "Malam, ai wannan fankar ta fi ni lafiya."

Duk da haka ya canza fis, na dawo. Ya canza rilai, na dawo. Ya goge soket, ya ƙara ɗaure wayoyi, na sake dawowa. Tela maƙwabcina ya ce bakin mutane ne ya kama ta. Na ce wane marar aikin yi ne zai yi wa wannan akwala hassada? Uwargida kuwa shawararta ɗaya ce kullum: "Ka sayar da ita tun tana iya kai kanta kasuwa."

Ana haka sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya aiko in kai shi ofishin fansho. An yi sanarwa cewa duk tsohon ma'aikaci ya bayyana da kansa kafin azahar a tabbatar yana da rai, wanda bai zo ba a soke shi a matsayin mamaci. Baffa ga ciwon gwiwa, ga sanda, kuma wannan fanshon da shi yake sayen maganin hawan jini. Muka kama hanya tun da hantsi.

Muna kaiwa shataletale muka tarar an tare titi. Wai Mai Girma Gatan Marasa Gata zai zo ƙaddamar da wani aiki. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai ƙaunar talakawa, shi ya sa yake son ya same mu a tsaye wuri guda, rana na dukanmu. Gaba motoci, baya motoci. Na kasa kunne, fanka shiru. Allura ta wuce rabi, ta doshi ja. Kafin in kashe injin, tururi ya turnuƙe daga bonet kamar ana dafa wa gayya abinci.

Na fito na ɗaga bonet. Baffa ya dogaro sandarsa ya zo ya leƙa.

"Wannan ce mai taurin kan?"

"Ita ce, Baffa."

Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa mata ɗaya a ƙeya. Wallahi sai ta zabura ta hau juyi. Baffa ya ce, "Haka nake yi wa rediyona." Amma aikin gama ya gama, ruwan lagireto ya riga ya tsiyaye a kwalta.

Sai ga wani mai kaki, tumbinsa ya riga shi isowa. "Kai! Wa ya ce ka lalace a nan? Ba ka san wanda zai wuce ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gaya mata, ba ta jin magana ne."

Ya waiga ya ga masu ɗaukar hoton talabijin sun fara saita na'ura. Ashe motata ta faɗo daidai inda za a nuna ci gaba. Nan take ya kira yaransa, har da wani mai kwat da jar igiya a wuya. Suka ce in shiga in riƙe sitiyari. Ni da Baffa muna zaune kamar angwaye, hukuma na nishi a bayanmu. Suka tura mu har bayan rumfar taro, suka ɓoye mu a bayan wani ƙaton kyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi.

Ina ta duban rana ina tausayin Baffa, sai na ji ya damƙi hannuna. "Kai, wancan mai farar hular a layin gaba, ba shugaban ofishin fansho ba ne?"

Shi ne kuwa, da duk ma'aikatansa, an kwaso su su yi tafi. Ashe da mun isa ofishin ma, kwaɗo za mu tarar. Wani jinkirin alheri ne, in ji masu magana, ko da yake ba su faɗi da fanka ba.

Baffa bai yi wata-wata ba, ya ratsa kujeru yana ƙwas-ƙwas da sanda, ya tsaya a gabansa.

"Yallaɓai, ga ni. Ina da rai."

Mutumin ya yi ƙasa da murya. "Baba, ba a nan ake tabbatar da rai ba, sai a ofis."

"To ni ɗin da kake gani fatalwa ce?"

"Ƙa'ida ce, Baba."

"Madalla. Bari Mai Girma ya iso in tambaye shi ko yana ganina."

Baffa ya nemi kujerar kusa da shi ya zauna, ya cafke gefen babbar rigarsa. Jiniya ta fara tashi daga nesa, mai hoto ya juyo da na'ura. Ban taɓa ganin ƙa'ida ta narke da sauri haka ba. Yallaɓai ya yafito mataimakinsa, aka sa Baffa a motar ofis mai sanyi, aka je aka buɗe ƙofa, aka tabbatar da shi. Sauran tsofaffin da ke zube a bakin ofishin tun safe su ma suka ci albarkacinsa.

Ni kuwa da na samu ruwa a wurin mai wankin mota na cika lagireto, na lallaɓa gareji. Da rewaya ya ji labarin sanda sai ya dafe kai. Ya kwance ɗan injin da ke juya fankar, ya nuna mini gawayin da ke ba shi wuta ya cinye, wani lokaci ya taɓa, wani lokaci ya saki. Ya sa sabo. Gasket ɗin kan injin mota bai ƙone ba, Allah ya rufa asiri.

Af, na manta ban gaya muku abin da aka ƙaddamar ba. Allo ne, jama'a. Allo mai kyau, da fenti, mai sanar da cewa za a faɗaɗa titin don rage cunkoso. Sun kafa shi a kan titin, ya cinye rabin hannu guda.