Rabin Gashin-Bakin Dogo

Jama'a, ran nan da hantsi ina tsakar gida ina wanki, sai ga Dogo mai faci yana kwaɗa sallama a ƙofa, hannunsa rufe da baki kamar mai ciwon haƙori. Na ce, "Dogo, lafiya?" Ya sauke hannun. Gashin-bakinsa na dama yana nan yadda Allah ya yi shi, na hagu kuwa an share shi tas.

"Inna, zo ki ɗauki mijinki," in ji shi. "Yana cikin gyara min fuska ya ce ƙasa na juyawa, ya zauna daɓas, aska a hannu."

Na ce, "Ka gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Hanci na kusa."

Mai gidana, Malam, mai aski ne. Bencinsa da madubinsa suna gindin bishiyar bakin tasha tun Dogo bai yi haƙori ba, kuma bai taɓa yankar kunnen kowa ba. Ni kuwa ban yi boko ba. Surukata ce ke rubuta muku wannan, na kuma gaya mata kada ta zuba wa maganata zuma, don in an karanto min zan gane.

Ga yadda abin ya faro. Malam yana da hawan jini, ya daɗe yana shan wata farar ƙwaya da Sista ke ba shi a ƙaramin asibitinmu. Da idonsa ya soma hazo, Sista ta ce wannan ya fi ƙarfinta, mu tafi babban asibitin birni. Muka sha rana, muka sha layi, muka samu likita mai tabarau. Ya duba idon, ya ɗaura wa Malam abin awo a damtse, ya ce a ba shi wata jar ƙwaya. Na kwance bakin zanena na nuna masa farar. Ko kallon kirki bai yi mata ba.

"Iya, wannan ta ƙauye ce. Ku tambayi waɗanda suka ba ku."

Muka dawo, na nuna wa Sista jar. Ta juya ledar gaba da baya. Babu suna a jiki, sai ɗan zanen biro na safe da yamma. Tata ledar ma haka take, kada ku ce na ɗauki ɓangare.

"Inna, ban san wannan ba. Kuma babban likita ne ya ba da ita, ni ban isa in ce a daina ba."

"To kira shi mana."

"Wa ya ba ni lambarsa?"

Shi ke nan, Malam ya riƙa haɗiyar fara da ja, safe da yamma, don shi mutum ne mai biyayya ga duk wanda ya sa farar riga. Tun daga nan in ya miƙe tsaye sai ya dafa bango. Mai aski kuwa a tsaye yake cin abinci. Masu zuwa aski suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda shi ya yi musu askin fari. Dogo kaɗai ya rage, shi ma don kunya.

Maƙwabciyata mai kitso ta ce min, "Yaya, anya ba tsufa ba ne?"

Na ce, "Tsufan da na sani ba a leda yake zuwa ba."

Amma kada a ce ban yaba ba. Manyanmu, Allah ya ƙara musu kujeru, ba su yi barci ba. Sun kawo mana sabon shiri mai suna Mara Lafiya Shi Ne Gaba. An yi wa asibitin fenti har da bishiyar ƙofa. An naɗa wani bawan Allah wanda aikinsa kawai shi ne ya haɗa kan likitocin birni da na ƙauye. Na je wurinsa har takalmina ya san hanya. Kullum yana taro a birni, kan yadda za a riƙa samunsa a ƙauye. Kujerarsa ta fi kowa lafiya a asibitin nan, ba a taɓa danne ta ba.

To, ranar da Dogo ya rasa rabin gashin-baki, na kai Malam ɗaki na kwantar da shi, na ɗauki ledojin nan biyu, na ce Dogo ya biyo ni a matsayin shaida. Muna isa muka tarar da rumfuna da motoci masu baƙin gilashi. Mai gadi ya tare mu.

"Inna, yau ba a ganin marasa lafiya."

"Me ake yi?"

"Bikin kula da marasa lafiya."

Ina shirin gaya masa abin da surukata ba za ta yarda ta rubuta ba, sai mai hoto ya fito yana waige-waige. Ashe an jera manya za a ɗauki hoto, sai aka tuna ana bukatar mara lafiya a tsakiya, ga shi an kori kowa tun da safe. Ya hango ni ya ce, "A kawo tsohuwar can, ta yi daidai."

Aka shigo da ni, Dogo na biye hannu a baki, aka tsayar da ni gaban Mai Girma Uban Almakashi, wanda ko rijiya aka yashe sai ya zo ya yanka ƙyalle. Ina duba damata, sai ga likita mai tabarau. Ina duba haguna, sai ga Sista. Mutum biyun da na yi ta safa da marwa a tsakaninsu, ga su kafaɗa da kafaɗa, ni kaɗai ce a tsakani.

Mai hoto ya ce, "Iya, ɗan yi murmushi."

Na ce, "Zan yi, in an gaya min wacce zan zubar." Na danƙa wa Mai Girma ledojin a hannu. Ya riƙe su kamar an ba shi kunama, ya miƙa wa likita.

Likita ya ce, "Jar tawa ce, ta hawan jini." Ya faɗi wani suna mai tsawo.

Sista ta ce, "Ranka ya daɗe, ai sunan farar ke nan."

Likita ya cire tabarau ya goge. Ashe magani ɗaya ne, kamfani ne kawai daban. Mijina ninki biyu yake sha, jinin da ake so ya sauka ya sauka har ya wuce gida.

"Tun yaushe yake haɗa su?" in ji likita.

"Tun ranar da ka ce farar ta ƙauye ce. Dogo, sauke hannunka su gani."

Dogo ya sauke. Wani cikin manyan ya yi tari don ya ɓoye dariya. Likita ya ce a ajiye jar, a kawo Malam gobe a auna shi. Sannan a gabana ya tambayi Sista sunanta, suka karɓi lambar juna. Abin bai kai tsawon daurayar kofi ba.

Mai Girma ya tafa hannu ya ce, "Kun gani ko? Shirin har ya fara aiki." Kowa ya tafa, aka ɗauki hoto. An ce min na fito da baki a buɗe, wai ina godiya.

Yanzu Malam yana miƙewa ba ya dafa komai. Har ya wasa askarsa ya koma gindin bishiya. Amma bencin babu kowa. Labarin Dogo ya zaga gari, mutane sun gwammace su yi ta yawo da ƙeya kamar daji. Ba wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri, kuma ni ba haƙurin nake nema ba, muna da shi buhu-buhu.

Abin da nake nema ɗaya ne. Tunda Mai Girma ya ce shirinsa ya yi aiki, ya zo ranar kasuwa ya zauna a bencin nan, ya ɗaga haɓa, Malam ya gyara masa fuska a gaban jama'a. In mutane suka ga babban mutum ya miƙa wuyansa, za su dawo. Ya taho da mai hotonsa, don na lura likitocinmu ba sa haɗuwa sai an ce a yi murmushi.

Askin kyauta ne, ranka ya daɗe, kuma Malam ya daina jiri. Dogo dai ya roƙi alfarma ɗaya: a fara ta hagu.