Ranar da Aka Ba Ni Usur

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi alƙalancin ƙwallon kwando a makarantar su Hafsa, 'yata ta fari ba. Ni na jawo wa kaina. A taron iyaye aka ce tun da aka fara Shari'a ba a so malamai maza su shiga wasan 'yammata, ana neman mace. Bakina ya suɓuce na ce ai na buga a sakandare. (Na buga ɗin, sau biyu, shekara ashirin da suka wuce.)

Malama Bilki mai kula da wasanni ta yi min bayani a tsaye. In mai tsaro ta kafe ƙafafunta aka zo aka banke ta, laifin mai ƙwallo ne. In kuwa tana motsi ta tare hanya, laifinta ne. "Ƙafa za ki riƙa kallo, Maman Hafsa, ƙafa kawai."

To wace ƙafa? Yaran nan hijabinsu har idon sawu. Ga rana, ga gwiwata da ban gaya wa kowa tana ciwo ba. Sai na koma kallon fuska. Duk wadda ta faɗi ta ɓata rai, zuciyata ta karye, na busa na ba ta. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, yara sun gane ni sarai. Ko iska ta kaɗa sai wata ta zube tana "Wayyo bayana!" tana leƙena ta gefen ido.

Saura kaɗan a tashi, ƙungiyar su Hafsa na gaba da ci ɗaya, kuma wasan kofi ne, shekararta ta ƙarshe. Wata doguwa 'yar garin Mashi daga ɗaya ƙungiyar, Rabi, ta taho da ƙwallo. Hafsa ta yi baya ta faɗi tim. Na busa.

Rabi ta riƙe ƙwallon, idonta ya cika. "Mama, wallahi ko hijabinta ban taɓa ba."

Na dakatar da wasan, don alƙalanci ba abin wasa ba ne a wajen Allah. Na juya gaban iyaye da malamai na ce, "Hafsa, ki ji tsoron Allah, ta taɓa ki?"

Tana karkaɗe ƙura ta ce, "Haba Umma, tun ɗazu duk wadda ta faɗi kina ba ta. Ni ce ba za ki ba wa ba?"

Filin ya ɗauki dariya, har shugabar makaranta ta rufe baki da mayafi. Na mayar wa Rabi ƙwallo, ta jefa, ta shiga. Kofi ya tafi. Kwana uku Hafsa na gaishe ni tana kallon bango.

Yanzu a taron iyaye can baya nake zama. Ko mai iya dafa ruwa aka ce ana nema, bakina a rufe yake.