Ni da Garwar Tsohuwa a Bukit Jalil

Ko me zan manta a zaman Malesiya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zama jami'in leƙen asiri ba, ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba.

Laifin wani littafi ne da na tsinta a shagon tsofaffin littattafai, labarin 'yan gwagwarmayar Denmark lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasarsu. Kowane shafi sai an ƙona takardun sirri kafin sojoji su fasa ƙofa. Na ajiye binciken digirina na rungumi littafin, har na fara kallon mai sayar da shayi a mamak, wato rumfar cin abinci ta Indiyawa Musulmi, da ido ɗaya. Ana cikin haka wa'adin hayar gidanmu na Bukit Jalil ya kusa cika, muna lallaɓa mai gidan, wani Basine, ya sabunta mana, don makarantar 'yarmu Amira na kusa kuma matata na da tsohon ciki.

Sai na lura da wata tsohuwa da ke zuwa bayan benenmu da yamma tana ƙona takardu a garwa, tana waige-waige. Na gaya wa matata. Ta ce, "Baban Amira, don Allah ka yi karatun da ya kawo ka." (Da na ji maganarta da yanzu ba na wannan rubutun.)

Ran nan na sauka da bokitin ruwa, na sheƙa wa garwar, na tsamo takardun da suka rage a matsayin hujja, na kira mai gadi ina haki. Takardu ne masu ruwan zinare, har da 'yar riga ta takarda. Mai gadi ya dube ni kamar ya ga akuya a cikin lif, ya yi min bayani a hankali: al'adar Sinawa ce, a wannan watan sukan ƙona wa mamatansu irin waɗannan. Rigar ta mijinta ce da ya rasu bara.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta karɓe jiƙaƙƙiyar rigar daga hannuna, ta shiga matse ta a hankali. Sannan ta kira ɗanta a waya. Da ya iso sai ga mai gidanmu. Na ba da haƙuri da Turanci, na ƙara da guntun Malayancina, har Hausa sai da na yi. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Next month you move, lah."

Yanzu muna Chow Kit, a saman masu sayar da kifi, matata kuma kullum sai ta tambaye ni ko na kama wani. Abin da na koya shi ne, shekara uku na yi a ƙasar mutane, na haddace titunan Copenhagen a littafi, amma ban taɓa tambayar maƙwabciyata me take ƙonawa ba.