Ni Ma Ai Kurma Ne

"...lafiya lau, Kaka, amma don Allah rage murya, ɗauka nake yi."

Bai ji ba. Kakan nan namu kunnensa ya daɗe da yin nauyi, amma ka kuskura ka faɗa, ranar sai ka raina kanka. Na'urar ji da aka saya masa tana cikin gwangwanin alluransa na ɗinki, ko kallonta ba ya yi. Auta, ƙanwata, ta ɗora kwamfuta a kan matasai tana ɗaukar bidiyon jawabin da za ta tura wa malamarsu ta intanet. An ce kowane ɗalibi ya zaɓi ƙungiyar masu lalura ɗaya da zai riƙa yi wa rubutu.

"Amarya, wa kika yi wa wannan kwalliya, ga mijinki zaune?"

"Wane mijin? Wanda haƙoransa suka yi ritaya? Bayani nake yi, na zaɓi ƙungiyar makafi."

"Makaɗa? Roƙo za ki fara?"

"Makafi! Wadda Baba Mai Rediyo ke shugabanta!"

Wannan kam ya ji shi sarai. Mai Rediyo maƙwabcinmu ne, tun suna samari suke gasa. Nan take kishi ya turnuƙe Kaka.

"Wancan tsohon? Shi ya ɗinka miki rigar makaranta? Bai ma taɓa ganin fuskarki ba, da ya gani da ya arce."

"Shi ya sa muke shiri. Ga gayu, ga farar sandarsa tas, kuma bai taɓa ɓoye lalurarsa ba."

"To, kurame fa? Su ba su da ƙungiya?"

"Suna da ita. Amma ni inda na san wani zan je, kuma ba mu da kurma a dangi. Ba kai ka ce har tafiyar tururuwa kana ji ba?"

Kaka ya doki tebur. "Ƙarya ne! Ni ma ai kurma ne! Na fi shi lalura nesa ba kusa ba!"

Auta ta nuna masa jan ɗigon da ke ƙyaftawa a fuskar kwamfutar. "Ya shiga, angona. Malama za ta gani."

Ta kunna. Ga Kaka a bidiyon yana ɗaga jijiyar wuya, mu duka da ke ɗakin muka kwashe da dariya. Shi kuwa bakinsa kawai yake gani yana motsi. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa na dariya ban da shi. Wallahi sai tausayinsa ya kama ni.

"Me tsohon nan yake cewa?"

Auta ta matso daf da kunnensa. "Sai da na'ura ake jin sa. In ka sa, na koma wa kurame."

Can sai ya fashe da dariya.

"Ɗauko gwangwanin, ja'ira. Amma ki sani, daga yau duk raɗar da kika yi da Mai Rediyo, a kunnena za ta sauka."